Riga Ta Awo, Takalmi Na Kasuwa: Wa Ya Kashe Baduku?

'Yan uwa masu karatu, yau maganar ƙafa na zo da ita, kuma duk wanda na taka sai ya yi haƙuri. Tambaya guda nake so mu yi wa kanmu, mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama da sauran garuruwan ƙasar Gwandu: me ya sa Bahaushe ba ya yarda ya sa rigar da ba a auna shi ba, amma ya yarda ya cusa ƙafarsa cikin kowane irin tarkace da aka baza a kan buhu a bakin titi?

Ku dubi yadda muke yi in Salla ta matso. Tun kafin azumi magidanci ya yanki shadda ya kai wa tela. A auna kafaɗa, a auna hannu, a auna wuya da tsawon wando, a zauna a zaɓi aikin da za a yi wa gaban riga. In tela ya rage inci ɗaya a hannu, to ranar sai maƙwabta sun shiga tsakani. Hula ma sai an gwada goma kafin a ɗauki ɗaya. Amma takalmi fa? Sai ranar jajibere, bayan kuɗi sun ƙare, mutum zai ruga kasuwa ya ce a ba shi lamba 42. In ya matse shi mai kaya ya ce, "Alhaji, zai saki." Washegari ka gan shi a hanyar Idi, sama sarki, ƙasa yana ɗingishi kamar wanda ya taka ƙaya. Abin da attajiran Turai ke biyan dukiya su samu, wato a yi wa mutum sutura daidai jikinsa shi kaɗai, mu abin yau da kullum ne a wurinmu, har talakan ƙauye yana da telansa. Ƙafa ce kawai muka mayar 'yar bora, alhali ita ke ɗauke da mu tun asuba har dare.

In ka ta da wannan magana a majalisa, amsar da za a ba ka a shirye take: ai kayan Sin ne suka kashe dukanci. Ni ban yarda ba. Ɗan Sin bai zo Jega da bindiga ya ce dole sai an sayi robarsa ba. Ya kawo haja, ya tarar da mutanen da suka riga suka raina nasu, ya sayar. Mu muka kashe baduku, da raini da mugun tayi da son abin da aka buga wa sunan wata ƙasa. Kuma muddin muna ɗora wa baƙo laifin, ba ranar da za mu gyara.

Bari mu waiwaya baya kaɗan, don samarin yanzu su san abin da muka yar. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da dukawan Kano ke ɗinkawa suna cikin manyan hajojin birnin, ana ɗaukarsu har Arewacin Afirka, ya kuma ƙiyasta cinikinsu a shekara da wuri miliyan 10. Shi ne dai ya biyo ta Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu. Fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda har yau ake lissafa ta cikin fatun akuya mafi kyau a duniya, raƙuma ne ke ƙetare Sahara da ita. Da ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Akuya tamu, jima tamu, suna na wani. Ita kuwa Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, kasuwa ce da ta yi suna a daular Usmaniyya, mahaɗar fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro, kuma kayan fata na cikin abin da fataken Hausa ke ɗauka su tafi da shi can. Ashe ba mu kasance masu jiran a kawo mana takalmi ba. Mu ke kaiwa.

Kuma kada wani ya ɗauka aikin wasa ne. Kafin fata ta zo hannun baduku sai ta bi ta hannun majemi. Ya jiƙa ta, ya tsoma ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya shimfiɗa ya kankare ta da kartaji, ya sa ta cikin ruwan kashin tsuntsaye don ta yi laushi, sannan ta kwana da kwanaki cikin ruwan bagaruwa har jima ta kama ta ciki da waje. Daga nan a shafe ta da mai, a murza, a shanya a inuwa. In ja ake so ga karan dafi, in baƙi ga kuloko, in rawaya ga gangamau. Duk daga dajinmu da gonakinmu da maƙerarmu, ba a nemi dala ko ɗaya ba. Shi kuma baduku na ƙwarai, in ka je masa, sai ya sa ka tsaya, ba a zaune ba, don ƙafa tana buɗewa in nauyin jiki ya hau kanta. Ya zana kowace ƙafa dabam, domin da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai. Ya dubi tudun ƙafar da faɗin yatsu da inda dunduniyarka ke cin ƙasa. Ya san ƙirgin bayan sa ya fi na ciki ƙarfi, don haka shi zai yanka ya yi tafi, ya ajiye fatar akuya mai laushi don sama. Ya huda da basilla, ya ɗinke da zaren da ya sha kaki. Da haka aka yi fade da sambatsai da sau-ciki da huffi, da haka aka yi takalman hawa da sarakuna ke sawa. Wannan ilimi ne, ko da kuwa ba a ba da takardar shaida a kansa.

To yau ina aka kwana? Je ka kasuwar dabbobi a Jega ko Maiyama ka ga awaki da tumaki. Je ka mahauta ka ga fatu. Ran Babbar Salla kowane gida sai an feɗe, ƙungiyoyin addini da 'yan kasuwa su bi unguwa-unguwa suna tattarawa. A barbaɗe su da gishiri, a loda a mota, sai Kano. A can kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa su sarrafa su, mafi kyawunsu su nufi Italiya da Sifaniya. Ƙirgin shanu kuwa, wanda da shi ake tafin takalmi, da yawansa tukunya yake faɗawa, a babbake a ci ganda. Bayan an zagaya duniya, attajirinmu ya sayo takalmin da wataƙila fatar akuyar ƙauyensu ce, ya biya ninkin-ba-ninkin, yana taƙama ɗan Italiya ne. Talaka kuma ya sayi roba. Shi kuwa jikan baduku yana zaune a gindin bishiya da akwati da gam da ƙusa, yana liƙe silifar da ta tsinke, ko kuma ya rataya akwatin ya tafi ci-rani Legas yana buga shi da burushi yana neman mai wankin takalmi. Zuriyar da ta yi wa sarakuna takalmi ta koma facin robar wasu.

Asalin ciwon shi ne raini, kuma ya girmi zuwan kayan Sin. Mu faɗi gaskiya, a al'adarmu mun jera sana'o'i hawa-hawa, muka ajiye majemi da baduku da mahauci can ƙasa. Mutum nawa ne cikinmu zai ba majemi 'yarsa ba tare da dangi sun yi taro ba? Ana cewa yana wari. To warin me? Warin aikin da ya fitar da gafakar da ake sa Alƙur'ani, da buzun da malam ke zama a kai, da linzami da ragamar dokin sarki. Yaron da ya tashi yana jin ana yi wa ubansa kirari da wari, yaushe zai gaji sana'ar? Gara ya ci bashi ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Addininmu bai koya mana wannan ba. Abin da muka sani shi ne cin guminka ya fi roƙo daraja, amma sai ga shi mai bin gidajen 'yan siyasa da safe ya fi mai basilla kima a idonmu.

Bayan raini sai tayi. Mutumin da zai shiga kanti a Abuja ko Dubai ya ga farashi a manne ya biya bai ce uffan ba, shi ne zai zo gaban baduku ya zauna yana taya aikin kwana uku kamar yana taya tumatirin yamma. "Haba malam, ba fata ba ce kawai?" Ya karya kuɗin har sai abin da ya rage bai isa sayen fata mai kyau ba. Baduku ya rasa yadda zai yi, ya sayo ledar kanti mai kama da fata, ya liƙa da gam maimakon ɗinki. Wata biyu takalmi ya buɗe baki, sai mai tayin nan ya dawo majalisa yana cewa, "Kun gani ko? Kayan gida ba su da aminci." Kai ka sayi rashin amincin da bakinka.

Na san akwai masu hujja, kuma ba zan tsallake su ba. Na farko zai ce talauci ne, mutumin da ke neman na masara ina ya ga kuɗin takalmin awo? Gaskiya ne, kuma ba da shi nake ba. Manomin da ke shiga fadamar shinkafa ko lambun albasa, roba ce daidai da shi, ba mai hankalin da zai ce ya shiga laka da fata. Da wa nake? Da mai shadda ta dubban nairori, da ɗan kasuwar da ya loda tirelar albasa daga Aliero zuwa kudu, da ma'aikaci, da ɗan majalisa, da ango mai akwati goma sha biyu na lefe. Ko ga mai ƙaramin ƙarfi ma, a yi lissafi. Takalmin da aka liƙa da gam, in zafin Maris da Afrilu ya dake shi, gam ya narke, ya tashi aiki, sai a sayi wani. Wanda aka ɗinka kuwa, in tafinsa ya cinye sai a farke a sa sabo, saman yana nan, ya ma ƙara kwanciya da ƙafa. Wanda ya sayi huɗu a shekara da wanda ya sayi ɗaya ya shekara uku da shi, wa ya yi asara? Araha dai ba ta ado. Kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan waje sun daina arahar da aka san su da ita. In akwai lokacin da na gida zai iya gogayya, to yanzu ne.

Na biyu zai ce mu masu alwala ne sau biyar a rana, fata kuwa ba ta shiri da ruwa, ga kuma ɓarayin takalmi a ƙofar masallaci. To kakanninmu da suka yi zamani da fade, ba su yi salla ba ne? Fatar da ta sha jima ta sha mai ba ta jin tsoron ɗigon alwala, jiƙa ta cikin ruwa ne ba ta so. Ajiye silifa ta roba don bayi da wurin alwala, ba wanda ya hana. Batun sata kuwa, ban taɓa jin wanda ya daina sayen waya mai tsada don ana sace waya ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dukawa da masu ɗinkin takalmin zamani, ku ma ku matso ku ji naku. Wace irin ƙasƙantar da kai ce mutum ya zauna ya yi aiki da hannunsa, ya gama, sannan ya ɗauko hatimi ya buga cewa a Italiya aka yi? In takalmin ya yi kyau an yaba wa Italiya, in ya lalace an zagi na gida. Kun maimaita abin da aka yi wa kakanninku da sunan Maroko, sai dai su wasu ne suka yi musu, ku kuwa da hannunku. Sannan ga saɓa alkawari, a ce Laraba sai ta zama Larabar wata mai zuwa. Ga rashin ajiye awo, kowane zuwa sai an sake zana ƙafa a kwalin da za a yar. Ga ɓoye sani, tsoho ya ƙi koya wa kowa sai ɗansa, ɗan kuma ya tafi birni, tsoho ya mutu da abinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani zai ce duk wannan maganar ado ce da kewar da. A'a, har da lafiya a ciki. Aliero ta yi suna da masu ɗori, ana ɗauko mai karaya daga nesa a kawo shi, wanda ke nuna mutanenmu sun san darajar ilimin hannu in ya shafi ƙashinsu. To mutumin da ya warke daga karaya ƙafa ɗaya ta ɗan gajarce, wane kanti zai je ya sami takalmin da tafi ɗaya ya fi ɗaya tudu? An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Nijeriya a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan cikinmu, kuma ba kamfanin da ke yin lambarsu. Ga masu ciwon suga, waɗanda likitoci ke gargaɗi cewa takalmi mai matsi na iya jawo musu gyambon da ba ya warkewa har ya kai ga yanke ƙafa. Waɗannan bayin Allah ba gayu suke nema ba. Mai auna ƙafa suke bukata, kuma muna kallo yana ƙarewa.

Mu leƙa waje mu ga yadda wasu suka yi da nasu. Tun 1883 wani baƙar fata ɗan asalin Suriname mai suna Jan Matzeliger ya ƙirƙiro injin haɗa saman takalmi da tafinsa a Amurka, injin da ke yin ɗaruruwa a rana inda gwanin hannu ke yin kamar 50. Shekara fiye da 140 ke nan, amma mai ɗinkin hannu bai mutu a Turai ba. A Landan shagon John Lobb, wanda ke aiki tun ƙarni na 19, har yau yana auna ƙafar mutum, ya sassaƙa masa irinta ta katako, ya rubuta sunansa a jiki ya ajiye. Mai saye ya jira watanni, ya biya dubban fam, yana godiya. Ba su yi tseren yawa da inji ba, sun sayar da abin da inji ba ya iyawa. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa na Indiya ne. Suna da wani fade na gargajiya da ake kira Kolhapuri, wanda ake jeme fatarsa da ɓawon itacen da suke kira babul, wato bagaruwar nan tamu. A 2019 hukuma ta yi masa rajistar asali, ta yadda ba mai sayar da wani abu da sunan sai daga yankunan da aka san shi. A Yunin 2025 kamfanin Prada ya nuna irinsa a bikin kayan ado a Milan bai ambaci inda ya samo ba. Indiyawa suka yi ca, 'yan jarida da 'yan kasuwa da 'yan siyasa, har kamfanin ya fito ya amsa cewa daga can ya ɗauko. Ina tambaya, in gobe wani kamfani ya ɗauki sambatsanmu ya sa musu sabon suna, wa zai yi magana? Mu da za mu yi layi mu saya?

Hukuma ma ba ta fita ba. Ba takardu ne babu ba. Akwai cibiyar nazarin fata ta ƙasa a Samarun Zariya, NILEST, wadda tushenta ya faro tun 1964. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da umarni cewa aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatunta ke kashewa kan wasu kayayyaki, ciki har da kayan sarki da takalma, ya tafi ga na gida. A 2021 aka ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata. Duk an yi, an tafa, an watse. Ka je ka tambayi mai facin takalmi a tashar Jega ko ya taɓa jin ɗaya daga ciki. Jihar Kebbi tana nan tun 1991, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Me zai hana jami'ar da ke zaune a tsakiyar ƙasar awaki ta buɗe ɗan sashe, ta haɗa kai da Zariya, ta kira tsofaffin majema da dukawa a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a koya wa samari sassaƙa ƙafar katako da yankan zamani? Me zai hana shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, maimakon rabon baro da injin markaɗe ranar da 'yan jarida suka zo, su ba masu ɗinki na gida kwangilar takalman 'yan makaranta? Mai sana'a ba sadaka yake so ba, mai saye yake so.

Mu marubuta kuma kada mu ɓoye a bayan alƙalami. A littattafanmu na soyayya, in saurayi zai fito daga mota, sai an fara da takalminsa ɗan Italiya mai ƙyalli kafin a kai ga fuskarsa. Baduku kuwa in ya shigo labari, to uban yarinyar nan ne matalauciya da ake jira attajiri ya zo ya cece ta. Shekara da shekaru muna cusa wa 'yan mata da samari cewa mutunci daga kanti yake zuwa. Yaushe za mu rubuta jarumin da ke riƙe da basilla, yana ci da kansa, yana da girma a unguwa?

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Duk mai hali, in ya kai wa tela ɗinkin Salla, ya nemi mai ɗinkin takalmi a garinsu a wannan makon, ba ran jajibere ba. Ya tsaya a auna shi. Ya ce fata yake so ta gaske, ɗinki yake so ba gam ba, ya kuma biya kuɗin aikin ba tare da ya wulaƙanta mai shi ba. Iyayen ango su sa ko ƙafa biyu na gida cikin lefe. Shi kuma mai ɗinki ya buga sunansa da na garinsu a tafin, Jega ko Aliero ko Maiyama, ya sayi littafi ya riƙa ajiye awon mutane, ya cika alkawari, ya ɗauki yaro ko da ba ɗansa ba ne. In mutum dubu a ƙananan hukumomin nan suka yi haka kowace shekara, majemi zai koma bakin ramukansa, domin baduku zai nemi fata.

In kuwa muka ƙi, to nan da 'yan shekaru tsofaffin da suka san bagaruwa da karan dafi za su ƙare, kuma ilimin da ke hannu ba ya dawowa in an binne mai shi. Ranar nan jikokinmu za su je gidan tarihi a Landan ko Balin su leƙa ta gilashi su ga takalmin da aka yi a ƙasar Hausa, su tambaya ko su wane ne suka yi wannan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya sa mu gane, Ya albarkaci masu neman halal da hannunsu. Wassalam.